Yadda ikilisiya za ta sayi tsohon piyano da aka gyara, ta girke shi a majami'a a Kumasi

Kibod ya cika majami'unmu, daga Aboabo zuwa Asawase har Tafo, kuma ba a ga laifinsa ba: yana da sauƙin kuɗi, yaro ɗaya ma ya saɓa shi a kafaɗa. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ƙungiyar mawaƙa ana tsakiyar baiti na biyu aka ɗauke wuta, ya san inda ƙarfin kibod yake tsayawa. Piyano na katako da tsirkiya ba ya jiran lantarki, ba ya jiran a tayar da janareta, kuma yana riƙe waƙar jama'a mai murya huɗu ba tare da ya danne ta ba. Shi ya sa ikilisiyoyi masu sujada da Hausa suke kawo maganar sayen na hannu wanda aka gyara, tunda sabo fil ya fi ƙarfin baikonmu. Shawarar tana da kyau, amma da sharaɗi ɗaya: a sami wanda zai riƙa saita shi, wato daidaita muryar tsirkiyoyinsa, kafin a je neman piyanon.

Abin da ke cikin akwatin

Kwamitin da zai fita saye ya kamata ya san abin da zai ɗauko. Tun wajen 1700 da Bartolomeo Cristofori ya ƙera na farko a Florence ta ƙasar Italiya, dabarar ba ta sauya ba: ka danna maɓalli, 'yar guduma mai kan ulu ta bugi tsirkiya, wani faffaɗan allon katako marar kauri da ke bayan tsirkiyoyin ya ɗauki karkarwar ya mai da ita murya. Cikakken piyano yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36, da tsirkiya wajen 230, domin yawancin maɓallan tsirkiya uku-uku suke bugawa, na ɓangaren kauri kuma biyu ko ɗaya. In aka haɗa ɗaurin tsirkiyoyin nan gaba ɗaya, jan da suke yi yana kusan tan 18 zuwa 20. Firam ɗin zubin ƙarfe ne ke riƙe da wannan ja, kowace tsirkiya kuma an naɗe ta a jikin ƙusar saiti da ke cushe cikin wani katako mai tauri. Ba zare ko noti ke riƙe da ƙusar ba, matsin katakon ne kawai.

Ku riƙe wannan, domin duk matsalarmu a nan take. Katako da ulu suna shan danshi su kumbura, su bushe su tsuke, kamar ƙofar ɗaki da ke ƙin rufuwa a watan Yuni, ta dawo tana lilo a Janairu. Masu ƙera piyano sun fi son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Kumasi kuwa damina biyu gare ta, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, danshi yana haura kashi 80, sannan hunturu ya bugo daga Disamba ya zuge shi. Accra ta ƙara da gishirin iskar teku mai cin ƙarfe.

Mataki na farko: mai saiti

Masu wannan sana'a ba su da yawa a Ghana, kuma ba a samunsu da allon talla a bakin titi. Ku tambayi masu kaɗa ogan na tsoffin manyan majami'u, irin su Wesley ta Methodist da Ramseyer ta Presbyterian da ke Adum, ko St. Peter's ta Roman Hill. Malaman kiɗa na jami'ar Legon da ta Winneba su ma sun san wanda ake kira. In daga Accra mutumin zai riƙa zuwa, kuɗin motarsa da masaukinsa na kanku, don haka ku nemi wata makaranta ko majami'a mai piyano ku haɗa rana ɗaya, ku raba nauyin.

Ana gane na gaske daga jakarsa. Za ku ga makullin saiti mai doguwar ƙota wanda bakinsa ya dace da kan ƙusar, da 'yan guntayen roba ko ulu da yake cusawa tsakanin tsirkiyoyi don ya saurari ɗaya-ɗaya, da ƙarfen gwajin murya ko manhaja a waya. Wanda ya zo da sifana da filaya irin na makanikan mota na Suame Magazine, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi bakin ƙofa. Saiti na ƙwarai yana cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu cikin shiru. Ku nemi ya faɗa muku wuri biyu da yake yi wa aiki, ku je ku ji piyanon da kunnenku.

Abu mafi muhimmanci, kada ya zama yaron mai sayarwa. Ikilisiya ce za ta biya shi kuɗin dubawa, ko an saya ko ba a saya ba, don bakinsa ya zama naku.

Mataki na biyu: kuɗi

Kada ma'aji ya rubuta farashin piyano kawai ya ja layi. Akwai kuɗin dubawa, kuɗin ɗauko, kuɗin gyaran kusurwar da za a ajiye shi, da asusun kula na aƙalla shekara biyu. A ganina, in kuɗin da ke hannu ba zai bar kashi ɗaya cikin biyar na kula ba, a sayi mai rahusa ko a ƙara jira.

Tara kuɗin ba ya wuya in an bi hanyar da jama'a suka saba. Baikon da ake yi bisa ranar makon da aka haifi mutum, wanda maƙwabtanmu Asante ke kira Kofi ne Ama ya zauna daram a bakinmu, tunda mu ma muna da Ɗanladi da Ladi, Ɗanjuma da Jummai, Talatu, Laraba, Lami da Asabe. A kira 'yan kowace rana su taso da rawa, a ƙirga a gaban kowa, za ku ga 'yan Laraba sun koma aljihu don kada 'yan Asabar su wuce su. Bikin godiyar girbi ma lokaci ne mai kyau. Zumuntar mata kuwa a sa su cikin kwamitin tun farko, kada sai ranar dafa abincin keɓewa a tuna da su. Su ne za su riƙa sharar wurin, kuma su ne ba sa mantuwa da asusu.

Akwai maganar kyauta daga waje. Wani ɗan ikilisiya da ke Landan ko Hamburg zai bugo waya ya ce ya sami piyano kyauta, a shirya karɓa a tashar jiragen ruwa ta Tema. A can tsoffin piyano da yawa kyauta ake bayarwa, domin fitar da su daga gida ma kuɗi ne. Fasto ya amsa da ladabi: "Ɗan'uwa, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. A buɗe shi a turo mana hoton cikinsa da lambarsa tukuna, mai saitinmu ya gani." Kuma kafin a loda, a tambayi wakilin fito da kaya abin da kwastan za su caja. Kasancewar abu kyauta ce ga majami'a ba ya ɗauke haraji da kansa, kuma kowace rana da kaya suka ƙara a tasha kuɗin ajiya na hawa. In farin maɓallan hauren giwa ne, to akwai wata wahalar: tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ƙetare iyaka da shi sai da takardu.

Mataki na uku: wane iri

Ga majami'ar da ke ɗaukar mutum ɗari zuwa ɗari uku, piyano mai tsaye ya wadatar. Mai kwance, wanda ake ɗaga murfinsa kamar fiffike, yana da kyan gani a hoto, amma yana cin wuri, ɗaukarsa sai an cire ƙafafu, kuma ƙura tana sauka kai tsaye a kan tsirkiyoyinsa. A mai tsaye, tsawo ne ke ba da murya. Ku nemi santimita 120 zuwa sama. Yamaha U1 yana da 121, U3 kuma 131, su da takwarorinsu na Kawai an san su da juriya, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Cikin na Ingila, Knight, Kemble, Welmar da Danemann sun yi suna a makarantu da majami'u, kuma akwai waɗanda aka ƙera musamman don ƙasashe masu zafi da danshi. In kun ci karo da irin wannan cikin ƙoshin lafiya, kada ku yi sanya.

Wanda za ku guje wa shi ne tsohon na Ingila na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, mai sassaƙa da wurin kafa kyandir a gaba. In aka cire allon gaba za ku ga siraran wayoyi tsaye reras a gaban gudumomin, tsirkiyoyinsa kuma duk a miƙe suke, ba su gitta juna ba. Muryarsa ba ta yankewa da kyau in an saki maɓalli, saita shi azaba ne, kuma masu saiti da yawa ba sa karɓar aikinsa. Kyan ɗan maciji ke nan. Amma piyano mai maɓallai 85 maimakon 88 ba aibi ba ne; babu waƙar sujada da ke kaiwa can ƙarshen.

Mataki na huɗu: ranar dubawa

A nan ake cin riba ko a tafka asara, don haka kada a yi gaggawa. Mutum uku sun isa: mai saiti, mai kaɗawa, da dattijo ɗaya ko ma'aji. A je da rana, da tocila, da waya mai manhajar gwajin murya, da littafin rubutu.

Ku fara da tambayar me aka gyara, ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa abin da aka yi shi ne an goge jiki an fesa baƙin fenti mai ƙyalli, an wanke maɓallai, cikin kuwa yana nan yadda ya baro jirgi. Gyaran gaske yana da suna: an sauya kan gudumomi ko an kankare su, an sauya ulun da ke tsayar da murya, an sauya tsirkiyoyin kauri, an sa ƙusoshin saiti masu ɗan girma, an daidaita tafiyar maɓallai. Mai gyaran kirki yakan ajiye tsoffin kayan da ya cire, ya nuna muku.

Sai ku ce, "Masta, a buɗe mana shi duka." Murfin sama yana ɗagawa, allon gaba yana fita da 'yan maƙalai biyu, allon ƙasa da ke saman feda kuma wani ɗan ƙarfe ne ke riƙe da shi a ƙarƙashin maɓallai. Minti biyu ya isa. In mai kaya ya fara cewa ai ba a buɗewa, kada ku tsaya gardama, ku yi masa sai an jima.

Lambar piyano tana buge a jikin firam ɗin ƙarfe, can sama. Da ita da sunan kamfanin ake gano shekarar ƙira a intanet, ba sai an dogara da bakin mai sayarwa ba.

Firam ɗin ƙarfen za a fara haskawa. In akwai tsaga ko alamar walda, magana ta ƙare, komai arahar.

Daga nan sai ƙusoshin saiti, kuma nan ne mai saitinku zai ci kuɗinsa. Zai ɗora makulli a kan ƙusoshi da dama, a sama da tsakiya da ƙasa, ya ji ko suna da tauri a hannu. Ƙusar da ke juyawa sakwaf ba za ta riƙe saiti ba. A saita ranar Juma'a, Lahadi ta zame. Ku ma kuna iya ganin alamu: baƙin tabo kamar na mai a gindin ƙusoshi yana nuna an ɗiga magani don a kumbura katakon na ɗan lokaci, alamar alli a kan wasu na nuna wani mai saiti ya riga ya yi musu shaida, ƙusar da aka buga ciki har naɗin tsirkiya ya taɓa firam kuma ta kai ƙarshen dabararta. Sauya katakon ƙusoshi a mai tsaye aiki ne da ya fi kuɗin piyanon.

Mai kaɗawa ya danna maɓallin A da ke sama da C na tsakiya, a duba manhaja. Ya kamata ta nuna 440 ko kusa, wato yawan karkarwar tsirkiyar a daƙiƙa ɗaya. In ta sauka wajen 415, piyanon ya faɗi da rabin mataki cif. Wani lokaci daɗewa ba saiti ne kawai, wani lokaci kuma da gangan aka bar shi a ƙasa domin ba zai jure a ja shi sama ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu: piyanon da bai kai 440 ba, ba zai tafi tare da kibod ko ƙahon 'yan bandi ba.

Sannan a bi maɓallan duka, ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. Wanda ya nutse bai dawo ba, wanda ya yi shiru, wanda ke ci gaba da ƙara bayan an sake shi, duk a rubuta. Maɓalli mai maƙalewa yawanci kumburin danshi ne, gyaransa ba tsada. Wanda ya fi ban tsoro shi ne maɓalli ɗaya da ke fitar da murya biyu masu nisa da juna. Wata ƙusa ce ta saki. A ɓangaren kauri ku saurari ko muryar tana da zurfi ko ta mutu tana "dum-dum". Tsirkiyoyin can naɗin jan ƙarfe gare su, datti da tsatsa na kashe su. Tsatsa 'yar kaɗan a sama-sama ba komai, amma wadda ta ci ta yi ramuka, musamman a wurin naɗi, tana nufin tsirkiyoyi za su riƙa tsinkewa. In kun ga sababbin tsirkiyoyi masu ƙyalli jefi-jefi cikin tsofaffi, sun riga sun fara.

Kan gudumomi ya zama a zagaye. In tsirkiya ta huda musu layuka masu zurfi kan ya baje, murya za ta yi tsini tana sukar kunne. Ku haska ulun ko'ina, ku nemi ramukan asu.

Ku zagaya baya. Allon murya yana da haƙarƙarin katako manne a jikinsa. Siririyar tsaga a allon ba lallai ta zama matsala ba, amma in haƙarƙarin ya rabu da allo za a ji zuzzz a wasu maɓallai. Gadar katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kai, musamman ta ɓangaren kauri can ƙasa, in ta tsattsage a gindin 'yan ƙusoshinta, aiki ne babba.

Daga ƙarshe a durƙusa a haska ƙasan akwatin. Kashin ɓera, ƙwan kyankyaso, tabon ruwan da ya taɓa shiga, hanyar gara, duk a nan suke ɓoye. In kun ga 'yan ƙananan huji a katako da sabon gari fari-fari a ƙarƙashinsu, ƙwaron yana ciki da ransa, kuma zai bi ku har kujerun majami'a da bagade. Ku sa hanci ma. Warin fumfuna ba ya ɓoyuwa.

Bayan duk wannan ne mai kaɗawa zai zauna ya kaɗa waƙa biyu da ikilisiya ta saba, ɗaya mai sanyi, ɗaya ta rawa. Kada a yanke magana a wurin. A koma gida, mai saiti ya rubuta abin da ya gani da kuɗin abin da ya rage a gyara.

Mataki na biyar: takarda

A rubuta sunan kamfani, lambar piyano, jerin abin da aka sauya, wanda zai kawo shi, wanda zai biya in ya lalace a hanya, da tsawon lokacin da mai sayarwa ya ɗauki alhakin gyara. Rasit ya fito da sunan ikilisiya, ba da sunan fasto ko dattijo ba, ko da ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, aka biya. A riƙe wani kaso sai kaya sun sauka lafiya.

Mataki na shida: shirya wurin kafin ya iso

Ku shiga majami'a ranar da ake ruwa da iska, ku ga inda kwano ke yoyo da inda feshi ke shigowa ta tagogin gilashi. Ku sake shiga da la'asar ku ga inda rana ke faɗawa. Duk waɗannan wuraren an cire su. Bangon ciki ya fi bangon waje, nesa da ƙofa, nesa da na'urar sanyaya ɗaki in akwai. In rufin kwano ne tsirara ba silin, a yi silin ko da a wannan kusurwar kaɗai.

Daɓen siminti yana tsotso laima daga ƙasa, ga ruwan mopa na ranar Asabar. Kafinta ya yi ɗan dandamali na busasshen katako mai ƙarfi, wanda aka shafa wa maganin gara, ya ɗaga piyanon kamar faɗin tafin hannu, da faɗin da zai ɗauki kujerar mai kaɗawa don ƙafarsa ta kai feda. A ba kafintan lokaci maganin ya bushe sarai.

Muryar mai tsaye ta baya take fita. In an manna shi da bango an toshe masa baki. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15. In wuri ya ba da dama, a karkata shi bayansa ya ɗan fuskanci jama'a, a rufe bayan da ƙyalle marar kauri. Mai kaɗawa kuma dole ya riƙa ganin mai ba da waƙa da bagade ba tare da ya miƙe ba. Kada a ajiye shi gab da ganguna ko a gaban lasifika. In ɗakin babba ne, makirfo ɗaya a bayan allon murya, tazarar kamar taƙi, ya wadatar.

Mataki na bakwai: ɗauko shi

Mai tsaye yana da nauyin kilo 200 zuwa 250, wani ya fi haka, kuma nauyin yana sama ta baya, shi ya sa yake saurin kifewa. Aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ba motarsa ba ce. A nemi motar ɗaukar kaya ta Kia mai rufi ko mai tamfol mai kyau, da majiya ƙarfi aƙalla biyar, da barguna, da igiyoyin ɗauri masu faɗi, da katakon gangara. A tsaye zai yi tafiya, bayansa jingine da bangon mota, a ɗaure shi tamau ta wuri biyu. Ba a kwantar da shi, ba a ɗaga shi ta ƙafafun gaba, akwai mariƙai a baya don wannan. 'Yan tayoyin ƙasansa na matsar da shi cikin ɗaki ne, ba na lungun zango ba. A kulle murfin maɓallai, in ba makulli a naɗe da bargo a ɗaure. Salatif yana ɗaye fenti.

In daga Accra ne, tafiyar kusan kilomita 250 ce ta Nsawam, Nkawkaw da Konongo, da tudun rage gudu a kowane gari. Mutum ɗaya na ikilisiya ya zauna gaba kusa da direba don ya riƙa tuna masa. A tashi da asuba, a duba sama. Kafin ranar kuma a auna ƙofar majami'a, a ƙirga matakala, a shimfiɗa katako a kan kwalbatin bakin ƙofa. Wurin saukewa murya ɗaya ce za ta ba da umarni, yara kuma a kore su nesa, ko sun yi kuka.

Mataki na takwas: haƙuri, sannan saiti

Kada a sa ranar keɓewa a Lahadin da ta biyo bayan isowarsa. Katakon yana bukatar mako biyu zuwa huɗu ya saba da iskar ɗakin. Bayan nan mai saiti ya zo. In muryar ta faɗi da yawa zai fara jan ta sama gaba ɗaya, sannan ya dawo ya yi saitin ƙwarai. Piyanon da aka sa wa sababbin tsirkiyoyi yana neman saiti sau uku ko huɗu a shekarar farko, domin suna miƙewa. Bayan an yi wannan sai a gayyaci baƙi, a yi addu'ar keɓewa, Baba Fasto ya miƙa makulli ga wanda aka ɗora wa amana a gaban jama'a.

A wannan zuwan ne za a sa sandar ɗumi. 'Yar sanda ce ta lantarki mai cin wuta kaɗan, ana rataye ta a cikin akwatin ƙasa, tare da na'urar da ke kunna ta in danshi ya hau ta kashe in ya sauka. Dampp-Chaser ne sunan da aka fi sani. Kada a sa sandar ba na'urar, domin da hunturu za ta busar da katakon fiye da kima. A duba ta dace da wutarmu ta bolt 230, a ba ta soket nata wanda mai kashe fitilu bayan sujada ba zai taɓa ba. Tsohuwar dabarar rataya ƙwan fitila a ciki a bar ta: tsohon ƙwai na iya ta da gobara, na LED kuma ba ya ɗumi. A rataya ƙaramin ma'aunin danshi a ciki, ana duba shi duk Lahadi.

Daga nan saiti sau biyu a shekara. Danshi yana ɗaga murya, bushewa tana sauke ta, don haka ana saiti ne bayan yanayi ya zauna, ba a bakin sauyawarsa ba. Watan Mayu yana da kyau. Na biyun ne ke da rigima, domin Kirsimeti tana faɗowa daidai shigowar hunturu. Ni dai na fi son a yi shi a mako na biyu na Disamba don bukukuwa su tafi daidai, a haƙura da ɗan zamewar Janairu.

Mai kaɗawa da dokokin wurin

Ga abin da ba a cika faɗa wa kwamiti ba. Samarinmu da yawa a kibod suka koya, a matakin murya ɗaya ko biyu kawai, in Mama ta ɗauko waƙa a inda muryarta ta ga dama sai su danna maɓallin sauya murya su bi ta. Piyano ba shi da wannan maɓallin. Dole yatsu su san matakan murya irin su F, G, E-flat, A-flat da sauransu, kuma maɓallansa sun fi nauyi. A ba mai kaɗawa makulli da lokacin gwaji a ranakun mako, a biya masa darasi in da hali, shi kuma a ɗora masa yara biyu ko uku, har da mata. Tunda mawaƙanmu da do-re-mi suke karatu, malamin ya haɗa musu shi da maɓallai tun ranar farko. Kaɗawa kullum ma magani ne, domin asu da ɓera sun fi son piyanon da aka rufe aka manta. Lokacin gwaji dai a lura da maƙwabta. A unguwa irin tamu ba a rasa masallaci a kusa, in an kira salla a ɗan dakata. 'Yan'uwanmu na Accra kuma za su ga amfaninsa a watan hana kiɗa da hayaniya da sarakunan Ga ke sawa kafin bikinsu na Homowo, lokacin da ake janye lasifika.

Saman piyano ba tebur ba ne. Ba tulun furanni, ba ledar fiya wata, ba kyandir, ba kwanon baiko. Sulalla ɗaya in ta faɗa tsakanin maɓallai ta isa ta maƙale biyu. Ba a fesa maganin sauro ko man goge kujera a ciki ko a waje, kuma kada wani mai son taimako ya ɗiga mai a kan ƙusoshin saiti don ya ga tsatsa, wannan kashe piyano ne. Maɓallai da ƙyalle mai ɗan laima ake goge su, daga ciki zuwa waje, a bi da busasshe. Ɓera ta ramin feda yake shiga, mai saiti ya toshe da ragar waya. Tela ya ɗinka masa riga ta yadi mai kauri mai shan iska, ba leda ba, domin leda tana tara gumi.

A ajiye ɗan littafi a cikin kujerar mai kaɗawa: ranar saiti, abin da ma'aunin danshi ya nuna, maɓallin da ya fara maƙalewa da ranar da ya fara. In tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar sujada, ƙarar tana firgitarwa amma ba a tsayar da waƙa saboda ita. Bayan an tashi a buɗe, a zare ta a hankali don kada ta taɓa maƙwabtanta, a naɗe ta a rubuta maɓallin da ta fito. Kada a yar, musamman ta ɓangaren kauri, domin da ita za a auna kauri da tsawon wadda za a naɗo a madadinta.